KWANA ƊAYA A BAKIN TEKU

 Yau labarin kaina zan ba ku, ku gyara zama.

Ni 'yar Kudan ce, a can aka haife ni, a can aka yi mini aure. Duk wadda ta san ƙasarmu ta san ruwanmu bai wuce na rafi da na fadamar da ake noman rake da tumatir ba. A taswira na fara ganin teku muna aji biyu na sakandare, ranar da malamin labarin ƙasa ya ɗora sanda a kan shuɗin da ke ƙarƙashin Legas ya ce, wannan shi ne Tekun Atlantika, ruwan da ba a hango ƙarshensa. Tun daga ranar abin ya zauna mini a rai.

Maigidana fataucin tumatir yake yi zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Lokacin da yake zuwa zance wurina, alƙawari biyu ya yi mini a zauren gidanmu: zan ci gaba da karatu a ɗakina, kuma zai kai ni in ga teku da idona. Aka ɗaura aure a 2014. Shekara tara, 'ya'ya uku, babu karatu babu teku. In na tuna masa sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba kya mantuwa." Ni kuma in yi shiru, wai ni mai kunya.

Ƙarshen 2023 ya zaunar da ni bayan sallar isha'i ya ce zai ƙara aure bayan ƙaramar salla, in faɗi abin da nake so na kayan faɗar kishiya. Ke dai bari 'yar uwa, ji na yi kamar an zare mini laka. Kwana uku abinci ba ya wuce mini. A na huɗu na same shi na ce, "Malam, ba na son atamfa, ba na son gado. Kwana ɗaya nake so a bakin teku, daga ni sai kai." Ya dube ni ya ga babu wasa a fuskata, ya ce, "To, ki shirya." Ya ɗauka zan gaji in bari. Bai san ranar na sayi littafin rubutu mai shafi ashirin ba.

Abu na farko da na rubuta shi ne gari. Yayata da ke aure a Agege na kira, ta ce in hutu nake so in bar cikin Legas da hayaniyarsa, in nufi Badagiri, wani tsohon gari da ke yamma, a kan hanyar iyakar Seme ta ƙasar Benin. Ita ce ta gaya mini abin da da ban sani ba da mun sha kunya: garin kansa a bakin wani ruwa mai kwanciya yake, shi ainihin tekun sai an shiga kwalekwale an tsallaka tsibirin Gberefu, sannan a taka da ƙafa. Saboda haka tafiyar ta hantsi ce ko ta bayan azahar, a dawo kafin magariba, a kwana a cikin gari. Mijinta ya kama mana ɗaki a wani ƙaramin masauki mai ruwa da fanka, ba nesa da masallaci ba.

Na biyu lokaci. Ruwan sama a Legas yana tsananta ne daga Afrilu zuwa Yuli, ga azumin 2024 zai kama a watan Maris. Sai na zaɓi Janairu, wato lokacin da tumatirin rani ya fito, maigida dama yana da kaya a hanya, tafiyar ba za ta tsayar masa da neman abinci ba. Da na lissafa sai na ga ashe kwana ɗayan nan kwana biyar zai ci. Daga Kudan mu bi ta Hunkuyi mu shiga Zariya, mu hau babbar mota a Kwangila, mu bi Kaduna, Abuja, Lakwaja, Ibadan, tafiyar kimanin kilomita 1,000. Kwana a mota, kwana a Agege, kwana a Badagiri, a sake juyowa.

Na uku kuɗi. Na ce shi ya ɗauki kuɗin mota, ni zan biya masauki da kwalekwale daga kwasar adashina da ribar ƙuli-ƙulin da nake yi. Ya ce wane irin abu ne wannan, mace ta biya wa miji ɗaki? Na ce ina so ne in na kwanta in san da gumina a ciki.

Na huɗu, kuma mafi wuya, Inna, mahaifiyarsa. Na durƙusa na gaya mata, ta saki carbi ta riƙe haɓa. "Ikko? Kallon ruwa? Ke 'yar nan, randar gidan ce ta ƙafe?" Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, wai kishi ya taɓa mini kai. Wata maƙwabciya har cewa ta yi asiri za ni in jefa a teku. Ban tanka wa kowa ba. Kullum dai in dama wa Inna kunun tsamiya in kai, in zauna ina tsince mata shinkafa. A sati na biyu ta ce, "Kawo yaran ɗakina. Amma ki zo mini da kwakwa."

Na biyar jaka. Na sa dambun nama da ƙuli-ƙuli da garin kunu, don ban san irin cimar can ba. Na sa hijabin auduga marar nauyi, domin kuwa sanyin hunturun da ke kaɗawa a Kudan ba ya kai wa can da ƙarfinsa, zafi ne mai gumi. Na sa silifas saboda rairayi, da katin shaidarmu na ɗan ƙasa, tunda hanyar iyaka ce, shingayen jami'an tsaro ba sa ƙirguwa.

To, a nan zan faɗa muku abin da ban rubuta a littafin ba. Jakata biyu ce. A ƙasan babbar na shimfiɗa takardun sakandarena da sarƙar da mahaifiyata ta ba ni da zannuwana masu kyau. Niyyata in mun dawo Agege in ce masa ya tafi shi kaɗai, ni na zauna wurin Yaya. Yaji na shirya, na lulluɓe shi da sunan yawon buɗe ido. Da asubar da za mu tashi Inna ta ɗaga jakar ta ji nauyinta, ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Allah ya kai ku lafiya. Autarki ba ta barci sai an shafa mata baya, ni kuwa hannuna ya tsufa." Har muka wuce Kaduna maganar tana cina.

Mun isa Badagiri wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, bayan mun hau mota a Mile 2. Gari ne mai natsuwa, ko'ina bishiyar kwakwa. Muka ajiye kaya, wani saurayi mai yi wa baƙi jagora ya zaga da mu. Ya nuna mana gidan benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Nijeriya. Da ya ji daga ƙasar Zazzau muke sai ya ce ai daga nan garin Bature Clapperton ya tashi a 1825, ya bi ta Zariya da Kano, ya je ya rasu a Sakkwato a 1827. Malam ya ce ashe hanyar tamu tsohuwa ce. Sannan ya kai mu gidan Seriki Abass, inda muka ga 'yan ɗakunan da ake tsare bayi da sarƙoƙin da ake ɗaure su. A nan dariya ta ɗauke mana.

Bayan azahar muka tsallaka Gberefu, ina ƙanƙame da hannun Malam ina salati. Hanyar rairayin da muka bi ita ce wadda ake kora bayi a kai zuwa jiragen ruwa, ƙarshenta ana kiransa wurin da ba a dawowa. Cikin waɗanda aka kwasa daga wannan yanki na gaɓar teku har da Hausawa, da yawa aka kai su Bahia a ƙasar Barazil. Ina tafe ina tunanin mata irina da aka raba da 'ya'yansu da ƙarfin tsiya, ga ni ni kuma da ƙafata nake shirin barin nawa.

Tun kafin mu gan shi muka ji rurinsa. Da muka hau tudun ƙarshe, Allahu Akbar! Ruwa ne har inda ido ya tsaya, yana tasowa fari fat yana dukan ƙasa yana komawa. Ba a shiga, igiyarsa tana da ƙarfi, a gefe na tsaya ya zo ya wanke mini ƙafa. Na tuna a Islamiyya an koya mana ruwan teku mai tsarki ne, sai na yi alwala da shi, gishiri ya cika mini baki.

Muka zauna a kan rairayi. Ban san lokacin da na ce, "Malam, takarduna suna cikin jakar da na bari a Agege. Ban yi niyyar bin ka gida ba." Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini abin ya kai haka ba?" Na ce na sha faɗa, dariya yake yi. Ya ce, "Da dariya kike faɗa, ni ma na mayar miki da dariya." Wallahi ya yi gaskiya, ko da yake shi ma ya san nasa laifin. Mun yi maganar da ba mu taɓa yi ba cikin shekara tara, babu yaro mai kuka, babu mai sallama a zaure, har mai kwalekwale ya zo ya ce rana ta yi.

Kada ku zaci ya fasa auren. Amarya ta tare bayan salla, kuma na yi kukana na share. Amma kafin ta tare ya sayo mini takardar neman shiga karatun aikin lafiya a Makarfi, ya kuma faɗa a gaban Inna da bakinsa. Na koma Kudan da jakata biyu da kwakwa shida. Inna ta karɓa ta ce, "Jakar ta dawo da nauyinta?" Na sunkuyar da kai na ce, "Ta dawo, Inna."

Ƙannena, in saurayi ya yi muku alƙawari a zaure, musamman na karatu, ku sa a maimaita shi a gaban manya. In kuma abu yana cin ranki a gidan miji, ki faɗe shi da fuskar gaske tun yana ƙarami, cikin ladabi, kada ki jira sai kin yi tafiyar kilomita dubu kamar ni. Wadda kuma Allah ya nufa da zuwa Badagiri, ta tafi da rani, ta riƙe katinta, ta dawo daga tsibiri kafin magariba.

Littafin nan mai shafi ashirin yana nan a ƙasan akwatina, saura shafi shida ban cike ba. Babbar 'yata ta ce ita ma sai ta ga teku. Na ce ta fara kawo mini sakamakon jarrabawa tukuna.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.