Sukari da Suga, Uwa Ɗaya Uba Ɗaya

Ran nan ina koyar da Turanci a Kazaure, sai na rubuta kalmar "sugar" a allo, na ce wa zai fassara. Wani yaro mutumin Roni ya miƙe ya ce, "Sukari." Sai 'yan aji suka bushe da dariya, wai ya yi ƙauyanci, suga ake cewa yanzu. Wani har ya ƙara da cewa, "Malam, ai Hausa duk aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara." Yaron nan ya sunkuyar da kai, bai sake buɗe baki ba har aka tashi. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

To, ku saurara, 'yan makaranta. Kalmar nan asalinta ba ta Turawa ba ce. A ƙasar Hindu aka fara dafa ruwan rake har ya daskare ya zama ƙwaya-ƙwaya. Mutanen can suka kira shi "sharkara" da tsohon harshensu na Sanskirit, watau tsakuwa, don ya yi kama da ita. Mutanen Farisa suka karɓa suka ce "shakar", Larabawa suka ce "sukkar". Larabawa suka shiga Andalus a shekara ta 711, daga baya suka kai noman rake can da tsibirin Sisili. Daga nan Italiyawa suka ce "zucchero", Faransawa suka ce "sucre", sa'an nan mutanen Ingila suka ara daga Faransawa, wajen shekara ta 1300.

Mu kuwa kai tsaye muka karɓi tamu daga bakin Larabawa. Ashe sukari da suga 'yan'uwa ne, ɗaya ya biyo hamada, ɗaya ya biyo teku, suka gamu a kasuwar Kazaure. In don aro ne, mu hannu ɗaya ke tsakaninmu da Farisa, su kuwa Ingilishi sai da kalmar ta ratsa hannuwa da dama kafin ta iso musu.

Kashegari na zana musu hanyar nan a taswira, na sa yaron Roni ya bi ta da tsinke tun daga Hindu har gida. Ba wanda ya yi dariya.

Ku koyi Turanci da himma, amma kada ku kunyata ɗan'uwanku don ya faɗi abin da ya ji a bakin kakarsa. Allah ya sa mu gane, amin.