Daga Ngaundare Zuwa Ndogpassi: Bin Sawun Guzurin Soja

Cadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba su da teku. Mafi yawan abin da suke sayowa daga ƙetare, tun daga shinkafa har rodin gini, a tashar jiragen ruwa ta Duwala ake sauke shi, sannan ya kama hanyar tudu: wajen kilomita 1,800 zuwa Njamena, 1,400 da 'yan kai zuwa Bangi. Kayan soja ma da yawa ta nan suke bi. Da zumunci ya ɗauke ni daga Kano zuwa wurin baffana a unguwar New Bell ta Duwala, sai na bi wannan hanya a juye. Kaya na hawa arewa, ni ina gangarawa kudu, muna ta giftawa da juna.

Daga Yola na tsallaka Garwa, daga nan mota ta hau tsaunin da ke gab da Ngaundare, inda tireloli ke jan ciki suna aman hayaƙi, yaran mota na biye da su da katakon tare taya. A Ngaundare layin dogo ya ƙare tun 1974, saboda haka duk kayan da jirgin ƙasa ya kawo a nan ake juye su cikin manyan motoci. Wani mai shayi a bakin tasha ya ba ni labarin 2008, lokacin da rundunar Tarayyar Turai ta tafi gabashin Cadi saboda rikicin Darfur. Sojoji kusan 3,700 ne, kuma motocinsu da kwantenoninsu ta ruwa suka iso Duwala, jirgin ƙasa ya kawo su nan, direbobi suka ƙarasa da su Abeshe. Ya ce sojojin ta sama suka wuce, bai ga fuskarsu ba, amma ya sayar wa masu ɗaukar kayansu shayi har ya sake rufin ɗakinsa.

Jirgin fasinja da dare yake tafiya. Mun wuce Ngaundal, inda akwai cibiyar horar da kuratan soja, muka tsaya a Belabo, inda ake sauke wasu kayan da za su nufi Bangi. Gari ya waye mana a Yawunde. Bas ta bi da mu ta Edeya, muka haye kogin Sanaga, muka haye Dibamba, sai ga Duwala da zufarta. Wanda ya saba da busasshiyar iskar Kano zai ji kamar ba a taɓa shanya komai ya bushe a garin nan ba. Ruwan saman da suke samu a shekara ya kai wajen ninki huɗu na namu.

Baffa dillalin albasa ne, yana karɓar kaya daga Marwa yana rarrabawa. Gidansa irin gidan fatoma ne na dauri: ɗakin baƙi a gaba, sito a baya, mabuɗi a aljihun maigida. A New Bell za ka ji Hausa ta cuɗanya da Fulatanci da Faransanci da Turancin buroka a jimla ɗaya, ga masallatai, ga 'yan tsire, ga 'yan acaɓa da suke kira bensikin. Asalin unguwar ƙwace ne. Jamusawa suka yanke shawarar tashin mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, suka keɓe musu wannan wuri a bayan wani fili mai faɗin kilomita ɗaya da zai raba su da Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. 'Yan ƙasa ba su yi marmarin wurin ba, sai baƙi suka cika shi: Hausawa, Bamileke, Basa da sauransu.

Da na zagaya Bonanjo, tsohuwar unguwar mulki da ke kallon tashar jiragen ruwa, na tuna cewa kakanninmu sun taka wannan gaɓa da kayan sarki. Ranar 27 ga Satumba, 1914 rundunar Ingila da Faransa ƙarƙashin Janar Dobell ta karɓe Duwala, kuma cikinta akwai sojojin Nijeriya, Hausawa da yawa. To amma Yawunde, wadda bas ke kaiwa yau cikin 'yan sa'o'i, ba su shige ta ba sai 1 ga Janairu, 1916. Jamusawa sun yi turjiya, gaskiya ne, sai dai kurmi da damina da guzuri sun taya su. Kusan komai a ka ake ɗauka. Ɗan dako na ɗaukar abin da bai wuce kilo 30 ba, kuma shi ma daga cikin kayan ayarin yake ci, don haka duk nisan da aka ƙara, abin da ke isa bakin daga raguwa yake. Dubban 'yan dakon nan, waɗanda cuta ta kashe da yawansu, ba a gina musu gunki ba. Wanda aka gina wa shi ne hafsan Faransa Leclerc, wanda ya sauka a nan a ƙarshen Agustan 1940, daga baya ya ci Kufra a hamadar Libiya ranar 1 ga Maris, 1941, da man fetur ɗin da ya keta dubban kilomita daga bakin teku.

Da na kawo wa Baffa wannan zance bayan sallar isha'i, sai ya ce, "Ɗana, in maganar sito kake so, gobe zan haɗa ka da wanda ya ci ta ya tsufa a cikinta."

Ndogpassi tana gabashin gari, kan babbar hanyar Yawunde, cikin cunkoson da ba ya ƙarewa. Can muka sami mutumin, tsohon saje ne da ya yi aikin soja a sashen ajiya, yanzu yana kula da wani siton shinkafa da man girki na wani attajiri. Ya miƙo mini kujerar roba, ya ce, "Malam, bismillah. Ka yi haƙuri da wurin, ma'aikata ce."

Abin da na fara lura da shi shi ne babu buhu ɗaya da ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango. Duk a kan katako suke, da rata tsakaninsu da gini wadda mutum zai iya ratsawa, don iska ta zagaya kuma a ga sawun ɓera. Kowane tari yana da kati a maƙale, an rubuta ranar shigowa da adadi da abin da ya fita. Buhunan da suka riga shigowa su ne a bakin ƙofa. Ya zaro wani siririn ƙarfe mai rami, ya soka wa buhu ɗaya, ya zubo ƙwayoyi a tafinsa, ya shinshina, ya tauna guda. "A garin nan," in ji shi, "abokin gaba na farko danshi ne. Yana cin shinkafa, yana cin takalmi, yana sa bindiga tsatsa tana cikin akwati."

Ya ce shi ma da ya shiga soja bindiga yake so, sai aka ga rubutunsa ya fita kuma yana da lissafi, aka tura shi ajiya. Abokansa suka yi ta yi masa dariya, wai ya zama matar gida. Bai daɗe ba ya gane cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kwamanda na iya zana yaƙi a takarda yadda ya ga dama, amma nisan da mota za ta yi, man da ke cikin tanka ne ke yanke shi.

Aikin, yadda ya zayyana mini, kashi-kashi ne: abinci da ruwa, tufafi da tantuna, mai, kayan gyaran mota, magani, sai harsashi. Kowanne da mai kula da shi da dokarsa. Babu abin da ke fita sai da takardar izini mai sa hannun hafsa, kuma wanda ya karɓa shi ma ya sa hannu. Lissafi uku ne dole su zo ɗaya: na littafi, na kati, da na ido. In za a sauya wa mutum wurin aiki, sai an ƙirga komai a gabansa da gaban magajinsa, har cokali. Gwanintar kuwa ita ce hasashe. Ka san damina za ta yanke hanya kaza a wata kaza, ka tura kaya tun da rani. Ka san tayar da aka yi oda yau sai ta kwana a teku, ta kwana a hannun 'yan kwastan, ta kwana a jirgin ƙasa, saboda haka tun ba ta ƙare ba ake neman wata.

Da ya zo kan harsashi sai ya gyara zama. Ba ya kwana kusa da mai, ba a haɗa abin tayarwa da abin fashewa a ɗaki ɗaya, kowane rukuni da lambarsa don in ɗaya ya lalace a san 'yan'uwansa, wanda ya tsufa kuma a fitar da shi a lalata. Ya ambaci Ikeja, 27 ga Janairu, 2002, ranar da ma'ajiyar makaman barikin ta kama da wuta, mutane fiye da 1,000 suka rasu, yawancinsu a cikin magudanar Oke-Afa suna gudun tsira. Ya ambaci Bata, a maƙwabciyarsu Ikwatoriyal Gini, 7 ga Maris, 2021, inda fiye da 100 suka mutu. A duka biyun gari ya riga ya kewaye bariki.

Na tambaye shi, "Baba Saje, to maganar da ake yi cewa kayan soja na ɓullowa a kasuwa fa?"

Ya yi murmushi. "Ana yi, Malam. Jarkar mai guda ce take fara fita, da sunan taimako. Wanda ya ba ka umarni da baki, ranar bincike ba ya tuna ka. Ni dai abin da na riƙe shi ne: ranka ya daɗe, a rubuta. Ya hana ni ƙarin girma da wuri, amma na fita da sunana."

Da la'asar ya sa yaronsa ya kai ni Yassa, inda manyan motoci ke jiran lodi. Direbobi da yawa 'yan arewa ne, Fulani da Hausawa da Larabawan Shuwa da mutanen Cadi, sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota suna dafa shayi. Kaya ba a ɗauka kai tsaye. Akwai hukumar BGFT da ke raba lodi tsakanin motocin Kamaru da na maƙwabta. Masu zuwa Bangi suna taruwa a Garwa-Bulai, kan iyaka, sannan su shiga a jere da rakiyar sojojin MINUSCA, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta kama aiki a 2014. A Disambar 2020 'yan tawaye suka datse hanyar, motoci fiye da 1,000 suka maƙale a bakin iyaka har cikin Fabrairu, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo a Bangi. 'Yan tawayen ba su ci birnin ba, amma sun san inda maƙogwaronsa yake.

Tsarin ayarin bai baƙunce ni ba. Fataken da suka bi hanyar Gwanja da Adamawa haka suke: madugu ke yanke ranar tashi, jagaba na gaba, a san zangon da za a kwana da inda ruwa yake, a ƙarshen tafiya kuma fatoma ya karɓi amanar kaya. Ilimin da soja ke koyarwa a aji, gidajen New Bell sun gaje shi, sai dai ba su ɗauke shi a matsayin sana'ar da ake shiga da takarda ba. Samarin da na zanta da su a bakin masallaci, duk wanda ya ambaci soja, rundunar BIR yake nufi, da baƙin tabarau da bindiga. Ko ɗaya bai ambaci ajiya ba.

Alhali ita ce ke bin mutum har bayan ya tuɓe kaki. Tashar Duwala na nan, ta Kiribi mai zurfi ta fara aiki a 2018, Hukumar Abinci ta Duniya na bi ta wannan hanya da kayan agaji, kamfanoni kuma kullum neman wanda zai riƙe mabuɗi suke. Sajen ya ce aikin ya sauya, yanzu kwamfuta ce ke riƙe littafi, kwantena kuma ana bin sawunta ta waya. Ɗan ƙanensa da ya gama sakandare yana son shiga jarrabawar soja, shi kuwa ya gindaya masa sharaɗi: ya gyara Faransancinsa, ya koyi kwamfuta, sannan ya zo ya yi damina ɗaya a siton nan yana ƙirga buhu. In lissafinsa ya zo daidai da na kati har ruwa ya ɗauke, shi da kansa zai biya kuɗin takardun.