Agogon bai tsaya ba

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Musamman 'yan mastas da masu shirin shiga nake so su karanta har ƙarshe.

Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo mana gida. Duk wanda ke Gamboru ko Gwange ko wajen Kwastan ba sai na ba shi labari ba. Tsofaffi suka ce rabon da su ga irinsa tun 1994. Mun fita da kayan jikinmu, ni ina riƙe da hannun mahaifiyata, ƙanena ya goyo kakarmu. Kwamfutata da takardun tambayoyin bincikena, waɗanda na yi wata uku ina yawon cikewa a rana, suna cikin jaka a ƙarƙashin gado. A lokacin ina tsakiyar babi na huɗu.

Muka koma gidan kawuna a Bulumkutu. Bayan ruwa ya janye na shiga taya mahaifina kwashe laka a shagonsa da ke kasuwar Gamboru. Makaranta kuwa ko a raina. Ban kira malamin da ke duba aikina ba, ban rubuta wa kowa komai ba. Abin da na gaya wa kaina shi ne: duniya ta san abin da ya same mu, wa zai ƙirga min waɗannan watannin?

Ana cikin haka, wajen tsakiyar Nuwamba, wani abokina ɗan ajinmu ya zo min jaje. Shi mutum ne mai son ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular kwano ana ture-ture, mun daɗe muna yi masa tsiya a kai. Don ya ɗebe min kewa sai ya ciro waya ya nuna min ƙarshen wani wasa da aka yi ranar 10 ga Nuwamba, wata biyu cif da ambaliyar. Kansas City Chiefs na da maki 16, Denver Broncos na da 14. Daƙiƙa ɗaya ta rage, 'yan Denver suka shirya bugun nan mai maki uku daga yadi 35. In ta shiga sun ci wasa. Wani ɗan wasa mai suna Leo Chenal ya kutsa ya tare ƙwallon. Shi ke nan, aka tashi.

Na ce, "Mutumina, ba za a ƙara musu lokaci ba?"

Ya yi dariya. Ya ce, "Kai da ƙarin lokacinka! A wannan wasan alƙali ba ya yi wa kowa kyautar minti."

Ya zauna ya yi min bayani, ni kuma ina jinsa sama-sama. Wasan minti 60 ne, kashi huɗu, kowanne minti 15. Agogon yana tsayawa yana tashi, amma duk inda zai tsaya a rubuce yake cikin doka. Idan aka tare bugu, abu na farko da ake dubawa shi ne ina ƙwallon ta faɗi. In ta dawo baya, ba ta ƙetare layin da aka fara wasa daga kansa ba, to wasa bai mutu ba: kowa na iya ɗauka ya ruga da ita. In abokan hamayya suka ɗauka, da zarar an kayar da mai ita sai a tsayar da agogo, saboda ƙwallo ta canja hannu. Amma a gasar NFL, in masu bugun ne suka sake faɗa mata a bayan layin, a cikin fili, kuma suna da sauran dama, ƙwallon tana hannunsu, agogo kuwa yana ci gaba da tafiya. Sai dai su nemi a tsayar musu, kuma sau uku kawai kowace ƙungiya ke da wannan dama a kowane rabin wasa. In ba su nema ba, suna tsaye suna jimamin bugun da aka tare, lokaci zai ƙare a kansu.

Na ce masa wannan wasa ba tausayi a cikinsa. Muka yi sallama, na manta da zancen.

Sai a watan Janairu na leƙa makaranta. Na shiga ofishin da ke kula da takardun 'yan gaba da digiri, na yi bayanina tun daga daren ambaliya har zuwa laka. Jami'in ya saurare ni har ƙarshe, ya yi min jaje sosai, shi ma ashe ruwan ya ci gidan 'yar uwarsa. Sannan ya tambaye ni, "Malam, ka rubuto takardar neman a ɗage maka karatu?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ai a wurinmu kana cikin karatu duk tsawon lokacin nan."

Kwanakin da aka rufe wa kowa da kowa, wannan ba a ƙirga wa kowa ba. Amma watannin da na ƙara wa kaina bayan an dawo, duk sun shiga lissafi. Ma'ana sai na sake rajistar wani zango da kuɗinta, ga wa'adin da aka ɗibar wa karatun ya matso. Kuɗin nan daga shagon da ruwa ya cinye za su fito. Wallahi da na fito na zauna a ƙarƙashin dalbejiya, muryar abokin nan kawai nake ji. An tare min bugu, ƙwallon na hannuna, na tsaya ina kallon sama ina jiran alƙali.

Da na yi tunani, sai na ga daga ina wannan ɗabi'ar ta zo mana. Mu 'yan gidan kallo ne. A ƙwallon da muka tashi da ita, agogo ba ya tsayawa, amma akwai mutum ɗaya da ke riƙe da lissafin duk abin da aka ɓata, ya biya ka a ƙarshe ba tare da ka roƙa ba. Ku tuna wasan Ingila da Iran a gasar kofin duniya ta 2022 a Ƙatar, an ƙara fiye da minti 20 in an haɗa rabi biyun. Sannan ga yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas. Shi ma ya koya mana cewa in abu ya tsaya, ya tsaya wa kowa, kalandar ma jira take. Gaskiya ne in musibar ta rufe ƙofar makaranta. Amma in ƙofa a buɗe take, kai ne rashin lafiya ko rasuwa ko haihuwa ko rashin kuɗi ya zaunar a gida, babu wanda zai san agogonka na bukatar tsayawa sai ka faɗa, kuma a rubuce.

Akwai kuskure na biyu, shi ma abokin nan ya ba ni labarin mai irinsa daga baya. Ranar 25 ga Nuwamba 1993, Dallas Cowboys na gaba da Miami Dolphins 14 da 13, fili duk ƙanƙara. Daƙiƙoƙi kaɗan suka rage, 'yan Miami suka yi bugun maki uku, 'yan Dallas suka tare. Amma wannan karon ƙwallon ta gangara gaba, ta ƙetare layi. Dokar a nan daban ce: in 'yan Dallas suka ƙyale ta, za ta mutu a inda take, ta zama tasu, wasa ya ƙare. Abokan wasansa na ta ɗaga hannu a nisance ta, sai wani ƙato mai suna Leon Lett ya rugo don ya taimaka, santsi ya kwashe shi, ya taɓa ta. Taɓawar nan ta raya ƙwallon, 'yan Miami suka faɗa mata, aka tsayar da agogo saura daƙiƙa uku, suka sake bugu suka ci 16 da 14.

Na yi dariya har da hawaye, don ni ne Leon Lett. Ranar da na samu shiga ɗakina na zaro kwamfutar daga laka, ban yi wata-wata ba na goge ta da tsumma na jona ta a caji don in ga ko babina na nan. Wani ƙauri ya tashi. Mai gyara ya juya ta ya ce, "Yallaɓai, da ka ƙyale ta ka kawo min a haka, da akwai rabo." Inda ya kamata in yi sauri na zauna, inda ya kamata in haƙura na yi garaje. Duka biyun rashin sanin doka ne, ba rashin ƙoƙari ba.

Don haka ga abin da nake roƙonku. Ku nemi ɗan littafin nan na dokokin karatun gaba da digiri da ake ba mu ranar rajista muke jefawa a jaka, ku karanta shafin da ya yi magana kan wa'adi da ɗage karatu. Kowace makaranta da nata tsarin, kada ka ɗauki na abokinka ka yi aiki da shi. In wani abu ya same ka, ko kana gadon asibiti ne, ka sa wani ya rubuta ya kai, ya karɓo kwafi mai hatimi. Ka kira malaminka ko da kunya na cin ka. Nawa, da na je masa a ƙarshe, abin da ya fara cewa shi ne, "Ina ka shiga? Da ka yi min ko da saƙon waya ne ai da mun san abin yi." Kuma don Allah duk babin da ka gama ka tura wa kanka ta imel. Babi na ɗaya zuwa na uku da nake da su yau, a akwatin saƙon malamin nan na same su.

Na biya kuɗin, da taimakon kawuna da wata yayata. Na sake buga takardun tambayoyi, na sake bin mutane, wasu na same su a inda na bar su, wasu ambaliya ta watsa su. Yanzu ina babi na biyar. Ku sa ni a addu'a in kare aikin nan kafin wa'adi ya cika.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a ruwan nan, Ya mayar wa kowa da alheri. In kana da wanda ka san ya yi shiru tun bayan wata musiba bai koma makaranta ba, ka tura masa wannan, ko ma ka kira shi yau.