Filin da Na Koyi Tashi a Cikinsa

A shekarar 2005, ina ɗan shekara goma sha uku, kawuna ya dawo Zariya da wata tsohuwar kwamfuta. A cikinta akwai wasan koyon tuƙin jirgin sama mai suna Microsoft Flight Simulator. Duk sanda aka kawo wuta nakan zauna gabanta, in tsinci kaina cikin ƙaramin jirgi ƙirar Cessna, a bakin wani siririn titi: a hagu dogayen benaye, a dama tafki iyakar ganin ido. Sunan wurin Meigs Field, a birnin Shikago na Amurka. A sararin garinmu kuwa, ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ba su fasa shawagi, ni ma sai na ɗauki kaina ɗalibi irin nasu, illa dai nawa filin yana ƙetaren teku. Ban sani ba ashe filin da nake tashi daga cikinsa ya shekara biyu da mutuwa.

Sai da na girma na bi diddigin tarihinsa. Ƙasar da yake kai ba halittacciya ba ce. Mutane ne suka cike wani sashe na Tafkin Mishigan suka samar da tsibirin da ake kira Northerly Island, bisa tsarin da Daniel Burnham ya zana wa birnin a 1909, wanda ya so bakin ruwa ya zama wurin shaƙatawar jama'a. A nan aka yi wani ɓangare na bajekolin duniya na 1933 da 1934. A watan Disamba na 1948 aka buɗe filin, daga baya aka raɗa masa sunan Merrill C. Meigs, mawallafin jarida mai sha'awar sufurin sama. Titinsa ɗaya tak, tsawonsa bai kai ƙafa 4,000 ba, amma zuwa 1955 babu filin mai titi ɗaya a Amurka da ya kai shi zirga-zirga. 'Yan kasuwa kan sauka su isa tsakiyar birni cikin 'yan mintuna, 'yan siyasa kan tashi zuwa Springfield, fadar jihar Illinois. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, tsoffin matuƙa baƙar fata na Tuskegee sukan ɗauki yara kyauta su zaga da su sama. A babban filin jirgi yaro daga nesa yake hangen jirgi. A ƙarami ne yake shafa fiffikensa.

Magajin garin, Richard M. Daley, ya daɗe yana son mayar da wurin lambu. Ya rufe filin a 1996, gwamnatin jiha ta sa baki, aka sake buɗe shi a 1997. Da ya ga gardama ba ta ƙarewa, a daren 30 ga Maris, 2003, ya tura motocin tona ƙasa, suka yi wa titin manya-manyan tsage masu siffar harafin X. A ƙa'idar matuƙa, wannan alama tana nufin an rufe titi, kuma da fenti aka saba yin ta. Shi da haƙa ya yi tasa. Gari ya waye jirage 16 suna tsaye babu hanyar tashi, sai daga baya aka ba su izinin fita ta ƙaramar hanyar gefe. Hujjarsa ita ce tsaron birni bayan harin 11 ga Satumba, 2001. Hukumar kula da sufurin sama ta ƙasa ta ci birnin tarar dala 33,000 saboda rashin ba da sanarwar kwana 30. Aka biya, titi bai dawo ba.

Shekaru bayan haka karatu ya kai ni Amurka, na yi tattaki musamman zuwa tsibirin, zuciyata cike da haushi. Na shirya ganin kango, sai na tarar da ciyawa shar, da tudu, da kududdufi, tsuntsaye suna sauka inda jirage suka saba sauka. Tsohon ginin matafiya yana nan tsaye. Wata tsohuwa ta wuce ni tana tura jikanta a keke, babu mai tambayarta takarda. Gani ya kori ji: lambun yana da kyau, kuma waɗanda ke morarsa yau ba sai sun mallaki jirgi ba. Har ma na tuna cewa abin da Burnham ya nufa ke nan tun fil azal.

Duk da haka haushina bai gushe ba, sai dai ya gane gidansa. Ashe ba rufe filin ne ya dame ni ba, sa'ar da aka zaɓa ce. Mai hujja ba ya jiran mutane su yi barci. In shugaba ya gane cewa tarar karya doka ta fi bin ta araha, to gobe ba lalle lambu zai shuka ba, kuma waɗanda suka yi masa tafi yau ba su da bakin hana shi.

Da na dawo gida na nemo tsohon wasan na sa wa ɗan ƙanwata. Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Jirgin yana nan a bakin titi, benaye a hagu, ruwa a dama. Yaron ya ce, “Kawu, ina ne nan?” Na ce, “Fara tashi tukuna, in ka sauka lafiya zan ba ka labari.”