Baƙuwar shamuwa mai zobe

Ɗan'uwa mai karatu, ka san shamuwa. Baƙa ce, cikinta fari. In ta sauka bisa iccen gari, kowa ya san damana ta yi kusa, kuma ba mai jifar ta. In kaka ta yi, an fara yankan hatsi, sai ta kama hanyar kudu.

To, tana da wata ƴar'uwa wadda ba kowa ya taɓa gani ba. Ita, lokacin da tamu ke tafiya ne take zuwa. Na gan ta wata shekara cikin watan Oktoba, kusa da tabkin Madarunfa. Su bakwai ne, suna kiwon fara cikin gona. Sun fi tamu girma. Jikinsu fari, gashin fiffike baƙi, baki da ƙafafu ja wur.

Daga Turai suke fitowa, gudun sanyi. Suna ƙetare teku ta wurin da ya fi ƙunci, tsakanin Sipaniya da Maroko, kana su ratsa hamada duka. Turawa da kansu sun daɗe ba su san inda suke zuwa ba. A 1822 aka harbo wata a Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar nan duka!

Ran nan, kafin in buɗe baki, ƙanena ya ɗana bindiga ya kada guda. Da muka ɗauko ta, sai ga zoben ƙarfe a ƙafarta, da rubutu a kai. Ƙanena ya tsorata, ya ce laya ce. Ni ko lokacin wata biyar ke nan ina zuwa karatun yaƙi da jahilci. Na duba da kyau, na ce masa: "Ba laya ba ce, baƙaƙe ne da lamba." Masu binciken tsuntsaye ne ke sa zoben tun tana cikin sheƙa, don su san hanyarta.

Kai ma in ka tsinci irin wannan zobe, kada ka yar. Rubuta lambar, da ranar, da sunan wurin, ka kai ma ma'aikatan gandun daji. Haka na yi, cikin kayena na karatu.

Abin da ya ɓata mini rai, naman bai ishi gidanmu miya ba. Sauran shidan kuwa sun tashi, sun bar mana farar cikin gona.