Kai! An Gyara Babbar Jijiya, Ba a Tsaga Ƙirji Ba!

Jama'a, ku tsaya ku ji! Wallahi har yanzu jikina bai daina tsuma ba.

Wani dattijo ne maƙwabcinmu a nan Mandawari, tsohon direba, ya dawo daga jinya a Masar. Muka shiga soro yi masa sannu. An ce mana aiki aka yi masa a babbar jijiyar jini, wadda ta taso daga zuciya. Aiki a ƙirji fa! Na ce, "Baba, ina ɗinkin?" Ya yi murmushi, ya ɗaga riga.

Ba komai! Ƙirji sumul, sumul! Sai ya nuna gindin cinyarsa. Wai nan ne, ɗan tabo da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Kai! Ta cinya aka je ƙirji?

Ɗansa, ma'aikacin jinya, ya buɗe mana hoton sikanin a waya. Ga jijiyar nan, faɗinta wajen santimita 2 zuwa 3, duk jinin da ke zagaya jiki ta nan yake bi. Ga wani ƙullutu a gefenta, ya yi suntum. Ashe tun wani tsohon hatsarin mota bangon jijiyar ya tsage. Jini ya ɓulla ta wurin, naman da ke kewaye ya tare shi, ya zama jaka. Ba bangon gaske ke riƙe da shi ba, ɗan tantani ne kawai! Zuciya na bugawa, jaka na ƙara kumbura. Ranar da ta fashe, sai dai wani ikon Allah.

Hanyar da aka sani tun da ita ce a buɗe ƙirji, a datse jijiyar, a yanke wurin, a ɗinka bututu. To Baba ga shekaru, ga hawan jini, ga ciwon suga. Wannan jiki ina zai ɗauka?

Sai dabara! Aka zura siririyar waya ta jijiyar cinya, tana hawa, tana hawa, likita na kallonta a allo. Ta wuce ciki, ta isa ƙirji. A kanta aka tura wani bututun yadi mai ragar ƙarfe, a naɗe tsam. Da ya zo daidai tsagar, aka sake shi. Ya buɗe kamar laima, ya manne da bango ta ciki! Jini ya bi sabuwar hanya, wanda ke cikin jakar ya daskare. Shi ke nan fa!

Ƙarfen ma abin mamaki ne. Nitinol sunansa, haɗin nikel da titaniyam. Ka matse shi yadda ka ga dama, yana jin ɗumin jiki sai ya koma siffarsa. Ƙarfe mai tuna kamanninsa! Subhanallahi!

Ba a gama da asibiti ba dai, ɗan ya ja mana kunne. Dole a riƙa komawa hoto, don wani lokaci jini kan sulale ta gefen bututun. Ga tsada, tsada mai sa a sayar da fili. Nan ne zuciyata ta sosu. Direbobi nawa, 'yan acaɓa nawa ke yawo da irin wannan a ƙirji? Ina ma a ce kowane babban asibitinmu na Arewa yana yin aikin nan a sauƙaƙe!

Kuma wai abin ba sabo ba ne! Da na bi diddigi, sai ga Juan Parodi, likitan Ajantina, ya yi irinsa a jijiyar ciki a Buenos Aires tun 1990. Kafin shi ma akwai Nikolai Volodos a birnin Kharkiv na Yukiren, zamanin Tarayyar Sobiyat. A 1987 ya saka wa wani mutum irin bututun nan a ƙirji. Ciwon mutumin? Jakar jini ce da ta biyo bayan rauni, irin ta Baba sak! Mutumin ya ƙara shekara 18 a duniya bayan aikin. Goma sha takwas, jama'a!