Karen da ke minshari ido biyu

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, ɗan ƙanwata ne da ke Ƙonni ya turo mini hoton wani kwikwiyo mai murtukakkiyar fuska da ya gani a Facebook, ya ce: "Kawu, ga wanda nake so in saya, a gidan manya kawai ake ganin irinsa." Da na ga hoton sai gabana ya faɗi, don na san irinsa sarai.

Shekara huɗu na yi ina aikin gardi a Yamai, a gidan wata Baturiya ƴar Faransa. Tana da irin wannan kare, buldog ake ce masa: gajere, kai ƙato, hanci kamar an danna shi ciki da tafin hannu. Daren farko na ɗauka mutum ne ke barci bayan ƙofa. Ashe karen ne, kuma idonsa biyu. Ni da mai dafa abinci mun daɗe muna yi masa dariya, muna cewa sarkin minshari. Ba mu san wuya yake sha ba.

Wata rana cikin watan Afrilu, tsakiyar bazara, Madam na wurin aiki, kuran ya ɗauke, kilima ta tsaya. Karen ya biyo ni tsakar gida, bai yi taku ashirin ba ya zube. Harshensa ya koma shuɗi-shuɗi, kumfa a baki, cikinsa na shiga yana fita amma iska ba ta wucewa. Wallahi a lokacin aikina na fara tunawa kafin karen. Na zuba masa ruwan randa, na ja shi inuwa ina fifita da kwali, na kira Madam, muka kai shi wurin likitan dabbobi.

A nan na fahimci lamarin. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafin jiki. Karnukanmu na gida masu dogon baki, da na Buzayen Azawak, hanyar iskarsu a buɗe take, shi ya sa suke bin mafarauta daji rana tsaka. Shi kuwa wannan, mutane ne suka yi ta haɗa iri har ƙashin fuskarsa ya gajarce, naman ciki kuma bai ragu ba. Ƙofofin hancinsa sun tsuke kamar tsaga. Naman da ke ƙarshen ganɗa ya yi tsawo, yana faɗawa bakin maƙogwaro duk lokacin da ya ja numfashi, shi ne ƙarar da muke ji. Wasu ma bututun iskar kansa siriri ne. Yana ƙara ƙoƙarin jan iska, wurin na ƙara kumbura.

Likitan ya duba hancin da ido, ya saurari wuya, bayan kwanaki da karen ya farfaɗo ya sa na ɗan zagaya da shi ya sake saurare. Ganɗar kuwa sai da allurar barci ake ganinta da kyau, kuma ita kanta allurar tana da haɗari ga irinsu. Aikin da aka yi masa biyu ne: an yanke ɗan nama a kowace ƙofar hanci aka ɗinke don ta buɗe, sannan aka rage tsawon naman ganɗar. Na ce wa likita, ai wannan cire beli ne irin na wanzamai. Ya yi dariya ya ce wurin dai kusa ne, amma kada in kuskura in bari wani ya gwada da aska, jini ko kumburi kaɗan a wurin ya isa ya toshe numfashin gaba ɗaya. Daren da aka yi aikin ba a bar shi shi kaɗai ba ko na minti ɗaya.

Ya samu sauƙi, ban musa ba. Minsharin ya ragu, ya daina amai bayan cin abinci. Amma har na bar gidan ba a fitar da shi sai da asuba ko bayan magariba, kuma an hana shi ƙiba. Kuɗin aikin ba zan faɗa ba, sai dai ya fi albashina na wata nesa ba kusa ba.

Can Turai ma abin ya dame su. A Holan, tun 2019 aka tsaurara doka kan kiwon karnuka masu gajeren hanci fiye da kima. A Ingila, jami'ar Kambirij ta fito da gwajin da ake sa kare tafiyar minti 3 a saurari numfashinsa kafin a bar shi ya hayayyafa. Wannan a ƙasar sanyi ke nan.

To a Badaguishiri, ko Malbaza, ko Illela, ina za ka kai shi in ya zube da azahar? Ma'aikatan dabbobinmu suna ƙoƙari, amma shanu, tumaki, awaki da raƙuma ne a gabansu. Daga nan zuwa Yamai kuwa tafiyar yini ce, cikin mota mai zafi.

Na kira yaron na gaya masa duk wannan. Na ce in karen tsaron gida yake so, akwai karya da ta haihu a unguwarmu, ƴaƴa biyar, kyauta za a ba shi. Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani. Jiya na ga ya sake sa hoton a shafinsa.